Dokin da Ke Tsayawa a Ƙofar Alhaji Salifou

A layinmu na Zongo an ga abubuwa. An ga tunkiya mai shan kofi. An ga agwagwar da ta bi wani tela har Totsi, ta dawo ita kaɗai. Amma ba a taɓa ajiye doki ba sai da Sulemana ya kawo Kaftin.

Sulemana tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana kawo albasa daga Nijar zuwa Lome. Da gwiwa ta ƙi, ya sayar da motar, filin bayan gidansa inda take kwana ya koma na kaji. Ubansa mutumin Doso ne mai dawaki. Da ya ji wata ƙungiya tana ceto dawakin da aka wulaƙanta, tana neman masu riƙonsu har su murmure a samar musu gida, sai ya je ya ce yana da fili.

Likitar ƙungiyar ce ta rako dokin. Sunanta Hamdiya, 'yar Zongo ce da ta yi karatun dabbobi. Dokin baƙi ne wuluk, haƙarƙari duk a waje, ga gyambo a kafaɗa. Sai dai idonsa. Idan ka leƙa ciki za ka ga layinmu gaba ɗaya ya ƙanƙance, da masallaci da mai shayi, kamar an sa shi a kwalba.

"Baba Sule, bari in gaya maka gaskiya," in ji Hamdiya. "A hannun masu sayen tsofaffin dawaki don nama muka karɓo shi. Za mu ba ka harawa da dusa da magani har ƙarshen damina. Sannan in zo in gwada shi. In ya hawu, ya yi tafiya, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, akwai mai makarantar hawan doki a Adidogomé da ke neman mai sanyin hali saboda yara."

"In bai yi ba fa, 'yata?"

"Wasu dawakin suna jiran wuri, Baba. Wanda ba mai ɗauka, kasuwa yake komawa. Ka kuwa san masu jiransa a can."

Sulemana ya shafa wuyan dokin. "Ba za su ɗanɗana ka ba," ya ce masa.

Ya wanke gyambon, ya jiƙa masa dusa da kanwa, yana kakkaɓe masa geza yana ba shi labarin hanyar Cinkassé. Matarsa Oumou ta ce ita ba ta taɓa samun hira mai tsawon haka ba tun aurensu. Kafin ruwa ya yi nisa Kaftin ya cika, fatarsa tana walƙiya kamar sabuwar tukunyar ƙarfe.

Sai aka fara kilisa. Nan aka ga dokin ba ya sauri. Ko an zunguri cikinsa, ƙafa ɗaya yake ɗagawa, ya yi tunani, ya ajiye, sannan ya ɗaga ɗayar. 'Yan zemijan, masu acaɓa da babur, suna ta matsa masa oda a baya, ko kunne bai kaɗa ba. Da suka iso ƙofar Alhaji Salifou sai ya tsaya cik, ya sunkuyar da kai har hancinsa ya kusa taɓa ƙasa.

Alhaji Salifou shi ne mai ba da hayar kujerun roba da rumfuna a unguwar. Suna ko biki ko walima, wurinsa ake zuwa. Gidansa kaɗai ke da foraj, wato rijiyar burtsatse, da babban tanki, da famfo a jikin katangar waje, famfon kuma da kwaɗo. Motar kayansa kullum a tsakiyar layi take kwana. Idan ka gaishe shi da hanci yake amsawa.

Washegari dokin ya sake tsayawa a nan. Jibi ma haka. Alhaji ya leƙo ya ce, "Sulemana, ɗauke jakinka daga ƙofata."

A lokacin ne wani ɗan zemijan da ke jiran hanya ya ɗaga hular kwanonsa ya ƙura wa Kaftin ido. "Kai! Ai na san dokin nan. Shi ke jan keken gawa na wani mai harkar jana'iza a can gari, da fanfar, masu busa da ganguna, a bayansa. Inda ya tsaya, nan ake sauke akwati."

Kafin la'asar maganar ta kai kasuwar Assiyéyé ta dawo, ta ƙara ƙiba. Aka ce dokin yana jin ƙanshin ajali. Aka ce bai taɓa kuskure ba. Ranar da ya tsaya a wani gida da ake suna, wasu suka ce to ga shi, ƙarya ce, nan haihuwa aka yi. Mai shayi ya ce, "Ragon da aka yanka fa? Rai ba rai ba ne?"

Alhaji ya yi dariya da farko. Daga baya aka daina jin dariyar. Ya je asibiti, aka ce lafiyarsa lau, ya ce likitocin yara ne. Wata safiya aka tashi aka ga babu kwaɗo a famfo. Motar kaya ta koma cikin gida. Aka fara ganinsa a sahun gaba tun kafin ladan ya gama gyaran murya. Masallaci ya sami sababbin tabarmi. Har ni ya tsaya ya tambaye ni ƙafata, alhali ban taɓa gaya masa tana ciwo ba.

Liman ya yi wa'azi cewa camfi haramun ne, ajali na Allah ne shi kaɗai. Gaskiya ya faɗa. Sai dai ya faɗe ta ne a ranar da lasifika ta lalace, yana zaune a kan sabuwar tabarma.

Sulemana kuwa hankalinsa ya tashi. Wa zai ɗora ɗansa a kan dokin da ke zaɓen wurin tsayawa da kansa? Ya kira Hamdiya. Ta je ta nemo tsohon da ke kula da Kaftin a gidan jana'izar, ta dawo tana dariya.

"Baba, kujeru ne! *C'est tout*, shi ke nan. Shekara da shekaru, duk inda ya ga kujerun roba da yawa, nan ake tsayar da shi a cire masa kaya, a ba shi ruwa da sukari. Shi a wurinsa kujera hutu ce. Ƙofar Alhaji kuwa kullum da tulin kujeru."

Ta nuna masa yadda zai yi. A ajiye kujera ɗaya a fili, a ja dokin ya wuce ta, in ya wuce a ba shi guntun rake. In ya tsaya, ba duka, ba rake. Daga ɗaya a koma biyu, a yi ta ƙarawa. Sulemana ya duƙufa. Kaftin ya fara wuce kujera, yana waiwayenta kamar wanda ya wuce ɗan'uwa bai gaisa ba.

Oumou ce ta fara nuna ba ta so. Ita da matan layin sun huta da ɗaukar jarka zuwa bakin titi.

"Malam, ka bar dokin nan yadda Allah ya yi shi mana."

"Ba Allah ya yi shi haka ba, mai sayar da akwatin gawa ne."

"To shi ma ai Allah ya yi shi. Ka san inda nake zuwa ɗibar ruwa da? Kai ka taɓa ɗaukar jarka?"

"In bai gyaru ba yanka shi za a yi, Oumou."

"In ya gyaru kuma mu za a yanka da ƙishi."

Bayan nan aikin ya riƙa komawa baya. Abin da dokin ya koya da safe, kafin yamma ya manta. Wata rana Sulemana ya dawo daga azahar da wuri, ya tarar da mata sun jera kujeru a gindin turke, suna zaune suna tsinke alayyahu, kowacce tana miƙa wa Kaftin sukari. Oumou ta ce inuwa suka zo sha. Filin ba ko bishiya ɗaya.

Sai Sulemana ya tafi wurin Alhaji da kansa, ya gaya masa zancen kujeru daga farko har ƙarshe. Alhaji ya saurara, tasbaha a hannu, idonsa ya faɗa.

"Na gode, Malam Sule. Kana son ka kwantar mini da hankali. Allah ya saka."

"Wallahi kujeru ne, Alhaji."

"Kujerun nan sun fi shekara ashirin a ƙofata. Me ya sa sai bana aka aiko musu doki?"

Sulemana ya roƙe shi abu ɗaya: ranar gwaji a shigar da kujerun cikin gida. Alhaji ya ce ko ɗakin kwanansa a kai su.

Ranar ta zo da hantsi mai kyau, ruwa ya ɗauke. Hamdiya ta iso tare da mai makarantar hawan dokin, wani dogo mai takalmin fata har gwiwa. Ta duba haƙoran Kaftin da kofatansa, ta kaɗa leda a kunnensa bai firgita ba, ta bi ta ƙarƙashin cikinsa bai motsa ba. Dogon ya gyaɗa kai. Saura tafiya daga farkon layi zuwa ƙarshensa.

An share ƙofar Alhaji tas, babu kujera ko ɗaya. Amma ba wanda ya tuna da 'yan kallo. Duk layin ya fito ya ga ko dokin zai tsaya, kowa kuma yana son ya gani da kyau, wato daidai ƙofar Alhaji. Tsofaffi ba sa iya tsayuwa, aka kawo musu kujeru daga gidajensu. Mata suka kawo nasu. Mai shayi ya kwaso na shagonsa. Aka jeru dama da hagu, aka yi tsit, kowa fuska a ɗaure.

Dogon ya hau. Kaftin ya taho, Sulemana yana gefensa da rake a aljihu yana motsa leɓe. Dokin ya wuce kujerar farko. Ya wuce ta biyu. Sai ya ɗaga kai ya ga jama'a jere a zaune shiru. Ina jin tunda yake bai taɓa ganin jana'izar da ta kai wannan tsari ba. Ya gyara tafiyarsa, ya shiga tsakiya a hankali, ya tsaya daidai ƙofar, ya sunkuya. Wata tsohuwa ta ce, "Inna lillahi."

Dogon ya zungura, ya ja linzami, ya yi magana da Faransanci, ya yi da yaren Mina. A ƙarshe ya sauka. Ya ce a makarantarsa iyaye a kujeru suke zama su kalli 'ya'yansu. Ya hau motarsa ya tafi.

Hamdiya ta juya baya tana goge tabarau. Sulemana ya ciro raken, ya dube shi, ya ba dokin duk da haka. Oumou ta sunkuyar da kai.

Sai ƙofa ta buɗe, Alhaji ya fito. Ya daɗe yana kallon Kaftin.

"Yanzu ina za a kai shi?"

"Kasuwa, Alhaji," in ji Hamdiya.

"A yanka shi, alhali a ƙofata ya yi tsayuwar ƙarshe? A'a. Ku shigo da shi." Ya juyo ga jama'a. "Doki in na wani ne ya tsaya a ƙofarka, aike ne. In naka ne kuwa, gida ya dawo. Ko ba haka ba, Liman?"

Liman ya ce Allah ne masani.

Hamdiya ta mayar da tabaranta. "Alhaji, ba doki kaɗai muke gwadawa ba, har mai ɗauka. Fili?"

"Ga shi nan, har mota yana ɗauka."

"Wa zai kula da shi?"

"Malam Sule mana. Wa kuma?"

"Hali fa? Sai maƙwabta sun shaida."

Oumou ta miƙe tsaye. "Mun shaida. Mutumin kirki ne. Ruwansa ma ba ya rufewa, dare da rana. Ko ba haka ba, Alhaji?"

Alhaji ya dubi famfon, ya dubi dokin. "Haka ne."

"*Bon*," in ji Hamdiya. "Zan riƙa leƙowa ba sanarwa. In na ga abin da aka shaida ya canza, zan ɗauke shi in mayar wa Baba Sule, ya ci gaba da kilisa ta ƙofar nan."

Yanzu Kaftin yana tsakar gidan Alhaji, tsakanin tulin kujeru masu tsawon mutum biyu, ya yi ƙiba har ya fara tumbi. Kowace safiya Sulemana yakan fita da shi ta bayan layi inda ba a taro, su zaga su dawo a hankali, 'yan zemijan suna zaginsu. Da sun iso ƙofar sai ya tsaya ya sunkuya, a buɗe masa.

Alhaji ya koma amsa gaisuwa da hanci, ya kuma koma sahu na uku. Kwaɗon yana nan rataye a ƙusa kusa da famfo. Wani lokaci yakan fito ya ɗauke shi, ya juya shi a hannu, sai dokin ya yi haniniya daga ciki, sai ya mayar.