Jinin Auta

Tare zazzaɓi ya kwantar da mu, ni da Autarmu, kuma tare muka sha maganin maleriya bai yi mana komai ba. Amma ko a ciwo sai da ta fi ni.

A asibitin unguwarmu ana wani bincike a lokacin. Duk wanda ya zo da zafin jiki da ciwon gaɓoɓi sai a ɗebi jininsa, don a gano mutum nawa ne ke ɗauke da wani mugun zazzaɓi da ake kira dengi cikin waɗanda ake zargi. Muka zauna a benci guda, nas ɗaya ce ta soke mu. Da sakamako ya fito sai ta dube ni tana murmushi.

"Ke kin tsira, naki zazzaɓi ne kawai. Yawancin waɗanda muke zargi haka muke samunsu. Ki huta, ki yawaita shan ruwa." Ta juya ga Inna, murmushin ya ɓace. "Amma wannan ƙaramar tana da shi."

Wallahi ban ji daɗin tsirar ba. Tun a bakin ƙofar asibiti Inna ta saki hannuna ta kama na Auta.

A gida aka kai Auta ɗakin ƙarshe, aka ɗaura mata gidan sauro da rana tsaka. Inna ta tare a can. Nas tana bugo waya tana tambayar jikinta, ƙannen Baba suna zuwa da lemo da kankana, su wuce ta gaban ɗakina su ce, "Babba, ya mai jiki?" Ni da kaina ke sarawa kamar ana daka a ciki, ni ake tambaya ya mai jiki! Ruwan sha ma sai na dafa bango na je na ɗebo. In na doshi ɗakin ƙarshe, Inna ta ɗaga murya tun daga ciki: "Koma, kada ki shigo."

Ina kwance ina jin tana lallashinta ta ƙara kurɓa ɗaya, da muryar da ban tuna ranar da aka yi mini magana da ita ba. Kishi ya cika ni har wuya. Har addu'a na yi a sake gwada jinina a ce an yi kuskure.

Wata safiya na kasa daurewa, na banka ƙofar.

"Inna, ni tsinto ni kika yi? Ni ma fa ba ni da lafiya!"

Ta miƙe da sauri ta tare ni da jikinta. "Fita! Nas ta ce sauron da ya cije ta, in ya cije ki ya sa miki. Kuma da rana yake cizo."

Sai lokacin na lura a wajen gidan sauron take zaune, da mafici a hannu. Damatsanta duk sun yi ruɗu-ruɗu da cizo. Zuciyata ta karye. Ashe ni take karewa. Na tsaya ina jiran ta faɗi sauran, in ji da kunnena.

"To ke fa, Inna?"

"Ni ba komai," ta ce tana tura ni waje. "Ke in kin kamu da irin nata, wa zai yi mana girki da wanki?"

Ta rufe ƙofar. Ina tsaye a wurin na ji ta koma tana cewa, "Sha kaɗan, 'yar lelena."