Faɗin Keken Baba

Rabin silifa ne ya leƙo daga saman ƙasar, shuɗi, na ƙaramin yaro. Shi Auta ta fara gani kafin ma ta gane abin da ya tare mata gaba.

Bakin layinsu, inda a makon jiya ake fita kai tsaye zuwa dandalin filin ƙwallo, yau katanga ce. Ba ta bulo ba. Manyan kwanduna ne na ragar ƙarfe, an shimfiɗa musu yadi mai kauri kamar buhu daga ciki, katafila ta ɗura musu ƙasa har baki. Sun ɗara tsayin mutum, an jera su kafaɗa da kafaɗa. A tsakiya aka bar 'yar siririyar hanya mai gwiwa, wai don in 'yan kallo sun taso su bi ɗaya bayan ɗaya, kada a yi turereniya.

Ta tura keken guragun da Baba ke zaune a kai cikin hanyar. Tayoyin biyu suka daki raga lokaci guda, ƙarfe ya yi ƙara. Ta ja baya, ta karkata shi, ta sake turawa. Ko gezau.

"Ƙanwata, wannan motar taku ai sai babban titi," in ji mai gadin da ke zaune a kan bokiti yana sakace.

"Wa ya tambaye ka?"

"Allah ya huci zuciyarki. In kin zaga ta baya akwai gada."

"Gadar mai matakala? A kaina zan ɗora shi?"

Mai gadi ya mayar da tsinkensa baki.

Asibitin gashin ƙashin yana tsallaken dandalin, har tana hango koren rufinsa. Sun daɗe suna jira kafin a ba Baba gurbi, kuma dokar wurin ɗaya ce: wanda bai zo ba, a ba na bayansa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, sai kwanan nan yatsun hagunsa suka fara motsi, yatsun da suka yi shekaru suna bin bakin allura a kan keken ɗinki. Baba ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan gwiwa, yana kallon ragar.

Auta ta san kamfanin da ke irin wannan aiki, ta kuma san wanda ke kula da leburorinsa. Ta ciro waya ta kira shi.

"Yaya, kana ina? Ka zo ka ga aikinka."

Bai jima ba ya ɓullo ta cikin hanyar, da hular kwano da riga mai ƙyalli, tef ɗin awo maƙale a ƙugu. Ya russuna ya gaishe da Baba, sannan ya juyo.

"Ke kuma lafiya kike tara mini jama'a?"

"Lafiya ƙalau. Yawon shan iska muka fito. Ka toshe wa mahaifinka hanyar asibiti, kana tambayata lafiya?"

"Wa ya toshe? Ga hanya nan."

"Hanyar kusu."

"Kin san abin da ya faru a wasan bara? Mutane suka turo ta layin nan kamar ambaliya, aka tattake mai shayi, har yau da sanda yake tafiya. Don ku aka yi wannan abin!"

"Mun gode da alheri. To buɗe mana."

"Buɗe? Ƙofar ɗaki ce? Kwandon nan in ya ci ƙasa, mota ma ba ta ture shi. Sai an zare sandar haɗinsa, ƙasa ta zube, a kawo katafila ta kwashe. Kuma yau da yamma ake wasa. In na taɓa shi, kafin azahar na bar aiki."

"Da kake zana abinka ba ka tuna a layin nan aka haife ka ba?"

Nan ne idonsa ya kaɗa. Ya daki ragar da tafin hannu har ƙura ta tashi.

"Ban tuna ba? A zanen da aka ba ni, hanyar nan ba ta kai haka ba! Ni na tsaya na yi ta musu da injiniya har ya ce ko gidan ubana ne, na ce eh, gidan ubana ne. Na ƙara mata faɗi daidai keken Baba, har da rarar hannu. Ni na sayi keken, na san awonsa kamar sunana!"

Auta ta dube shi. Fushinta da ke tafasa sai ya yi sanyi, irin sanyin da ya fi zafi ciwo.

"Wane keken?"

Sai a lokacin ya kalli abin da Baba ke zaune a kai. Bututun ƙarfe ne da aka yi wa baƙin fenti, da tayoyin keken hawa, da matashin kujerar mota.

"Wancan naka ya karye tun cikin damina," in ji ta. "Mai walda na ƙarshen layi ne ya haɗa mana wannan. Ba ya naɗewa. Na faɗa maka a waya, ka ce 'to, to, ina cikin aiki.' Mai walda ya san faɗinsa. Mai gadin asibiti ma ya sani, shi ke buɗe mana ƙofa ta biyu. Da sau ɗaya ka taɓa kama hannun keken nan ka tura, da ka sani."

"Auta, aiki ne ya..."

"Kada ka ce mini aiki! Ni zaman kashe wando nake yi? Ni ba ni da ofis?"

Leburori biyu sun tsaya da shebur a hannu suna kallo. Mai gadi ya sami abin dubawa a ƙasan takalminsa.

Yaya ya cire hular kwanon ya miƙa wa ɗaya daga cikinsu. Ya ce su hau sama da igiya su tsallaka da keken. Sannan ya durƙusa gaban Baba, ya juya masa baya.

"Baba, ka yi haƙuri. Hau."

Baba mutum ne da ko a gida ba ya yarda a ɗaga shi in akwai baƙo. Auta ta ga muƙamuƙinsa ya motsa. Ya dubi koren rufin can nesa, ya dubi yatsunsa na hagu, sannan ya ɗora hannu a kafaɗar ɗansa.

Yaya ya yunƙura da ƙarfi, irin yunƙurin mai ɗaukar buhun siminti, sai ya yi tangal-tangal ya kusa faɗuwa gaba. Nauyin da ya shirya wa babu shi. Auta na biye da su a cikin hanyar, riƙe da takalmin Baba da ya zame, tana kallon ƙafafunsa sirara suna lilo suna gogar raga. Ta cije leɓe. Ba za ta yi kuka a gaban leburori ba.

A ɗaya gefen aka sauko da keken, aka zaunar da Baba. Ta gyara masa hula, ta saka masa takalmi. Baba bai saki kafaɗar Yaya ba. Ya bi ta da tafin hannu daga wuya zuwa dantse, yadda yake yi wa masu kawo ɗinki. Maganarsa a hankali take fita tun da ciwon ya same shi.

"Ka yi faɗi," in ji shi. "Ni ma tsohon awonka nake da shi."

Yaya ya sunkuyar da kai.

"To da dawowa fa?" in ji Auta. "Mako mai zuwa fa? Kullum sai an goya shi a gaban jama'a?"

Yaya ya zaro awon daga ƙugunsa, ya tsuguna, ya ja shi daga wannan taya zuwa waccan. Ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya saki awon ya koma gidansa, ya karɓi hularsa, ya shige cikin siririyar hanyar, gwiwar kwandunan ta ɓoye shi.