Usta Kabo da Injin Dama

Injin dama na jirgin nan munafuki ne, wallahi. A ƙasa lafiya lau yake. Sai an yi minti ashirin a sama ya ɗauki zafi, sannan gudunsa ya shiga hawa da sauka, can kuma ya daina kamar ba shi ba. Sau uku matuƙi Muhajir yana juyowa daga kan Soba, can bayan gari, ya dawo filin jirgin Khartoum da wannan ƙorafi.

Usta Kabo shi ne babban makanikin kamfanin, jikan alhazan Kano da suka yada zango a Omdurman. Shekara ashirin da shida yana gyaran ƙananan jirage masu inji biyu. Ya canza filogi, ya wanke matatar mai. Ya musanya agogunan gudu, na hagu ya koma dama, ko agogo ne ke ƙarya. Ina! Allurar dama ta ci gaba da rawarta.

Saura gwamna, wato na'urar da ke riƙe gudun farfela. Daga jikin wani mataccen jirgi aka ciro ta, don sabbin kaya sun daina zuwa. Kwana ɗaya kacal Kabo ya nema ya buɗe ta.

To, a shekarar 1992 ne, kuma wani Kanar sojoji suka ɗora a kan kamfanin, mutumin da bai san bambancin farfela da fankar ofishinsa ba. Yana da baƙi shida da za a kai Kassala bayan azahar.

"Usta, na ji injin da kunnena, ƙalau yake," in ji Kanar. Ya turo littafin jirgi. "Sa hannu."

"Ranka ya daɗe, a ƙasa ka ji shi. Baƙinka kuwa ba ta ƙasa za su bi ba."

Kanar ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardar sallama, irin wadda ake rubuta wa "don maslahar jama'a". Wanda aka miƙa wa ita ya bar aiki ke nan har abada.

"Ɗayan biyu za a sa wa hannu yau. Zaɓi."

Kabo ya ji tsoro, ba ƙarya. Bai iya wata sana'a ba. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Shi za a mayar ɗan amshin Shata a kan ran mutum bakwai? Ya ɗauki biro, ya buɗe littafin nan mai lamba a kowane shafi, wanda ba a yage shi ba a gogewa, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa jirgin bai cancanci tashi ba. Ya sa hannu, ya danna hatimi.

"Na zaɓa, ranka ya daɗe."

Kafin sojan ƙofa ya zo karɓar katin aikin da ke wuyansa, tuni ya hau tsani da sifana. Ya kwance gwamnar, ya zaro 'yar rariyarta, ya kakkaɓe a tafin hannu. Ɓarɓashin ƙarfe ne kamar ƙwayar riɗi, yana ƙyalli cikin baƙin mai. Ashe injin cin kansa yake ta ciki.

Muhajir ya leƙa, ya zauna daɓas a kan taya yana salati.

An kori Kabo duk da haka, mana. Ya shiga bas a tashar Suk al-Shabi da rana tsaka, ya haye gada zuwa Omdurman, ya sami matarsa Barira tana toya kisra, gurasar dawa ta mutanen Sudan, a tsakar gida. Ta dubi wuyansa, ba kati.

"Malam, lafiya?"

"Sun sallame ni, Barira."

Ta kwashe kisrar daga kan wuta. "Jirgin ya tashi?"

"Bai tashi ba."

"To, wanke hannunka ka zo ka ci da zafinta."