Sharar Gonar Mai Hamma

Shekara hamsin ina noma, ba a taɓa ganin kara ɗaya kwance a gonata bayan girbi ba. Na share, na tara, na ƙone.

Bana sai ga wata malamar gona da ƙarfen haƙa ƙasa. Ta tara mu ta ce hayaƙin da ya yi wa iska yawa ana son a mayar da shi cikin ƙasa. Wai hanyar ita ce a daina ƙona kara, a bar shi ya ruɓe inda ya faɗi. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Na tashi zan tafi, sai maƙwabcin gonata, wanda muke kira Mai Hamma saboda lalaci, ya ce a ƙyale tsoho, ba zai iya mako ɗaya babu manjagara ba. Aka yi dariya.

Na dawo na dangwala yatsa a takardar alkawarin da malamar ta kawo. Na ce a gaban kowa ba zan taɓa karan gonata ba har damina.

Kwana uku hannuna yana ƙaiƙayi. Na share tsakar gida. Na share akurkin kaji har kajin suka ƙaura. Uwar yarana ta tura manjagarata ƙarƙashin gado, ta ce in fita in ba ta wuri.

Na je gona don in duba kawai. Tawa kamar juji. Ta Mai Hamma ta fi juji, ko da yake haka take tun zamanin ubansa. Na yi tunani: alkawari a kan gonata na yi. Na ari manjagarar surukina. Kafin azahar gonar Mai Hamma ta yi fes, karan ya zama tsibi bakwai. Na ciro ashana ke nan sai ga shi da malamar.

Ashe shi ma ya dangwala. Lalacinsa na shekara talatin ya zama aiki, har malamar ta zaɓi gonarsa za ta kawo baƙi su gani.

"Baba, me muka yi maka?" in ji ta.

Mai Hamma ya ce shi bai taɓa ganin ɓarna irin wannan ba, a mayar masa da dattinsa yadda yake.

Ni ba na barin abin wani a hannuna. Na kwashe tsibi bakwai na watsa da hannu. Shi yana zaune a inuwa yana nuni da sanda.

"A'a, yaya, wancan karan a karkace yake da."

Na karkata shi.

Da muka gama malamar ta leƙa gonata, ta ce ba ta ga inda aka taɓa ba. Na ce ta maimaita da ƙarfi, mutumin nan hamma yake yi.