Jarrabawar Tymek a Tsohon Ajinsa

Duk ƙauyen an san dalilin da ya sa Wiesława ta cire ɗanta Tymek daga makaranta. Yaron yana da in'ina, malamar ajinsu kuma, Malama Kurpiel, ta tsayar da shi a gaban allo ya karanta waƙa. Ya maƙale a kalmar farko, yara suka yi ta shewa, ita kuwa tana duba agogonta. Washegari Wiesława ta je ta wanke ta tas a bakin ofis, ta nemi izinin koyar da ɗanta a gida, aka ba ta. Sharaɗin ɗaya ne: duk ƙarshen shekara zai zauna jarrabawa, in ya faɗi a janye izinin ya koma aji.

Zaɓi biyu ne a gabanta. Tana iya mai da sunansa wata makaranta a birni wadda ta saba da yaran da ke karatu a gida, inda ake barin mai in'ina ya rubuta amsoshinsa. Ko kuma ta bar shi a ta ƙauyen, ya amsa da baki a gaban malamai uku, har da Kurpiel. Duk mai hankali ya san wadda zai ɗauka. Amma shekara guda Wiesława ta yi tana dafa fushin nan, ba ta da niyyar sauke shi ba wanda ya ɗanɗana.

"Wiesia, don Allah ki bar rigimar nan," in ji mijinta Leszek, wanda da wannan sunan yake kiranta, suna cin miyar kabeji. "Mu kai shi birni ya rubuta abinsa, mu dawo lafiya."

"In ɓoye ɗana kamar wanda ya yi sata? A gaban matar nan zai yi ta, da bakinsa, tana ji tana gani. Ai ya warke. Yaushe rabon da ka ji ya maƙale a gidan nan?"

"Shi gogan, kin tambaye shi?"

Ta juya. "Tymek, tsoron Kurpiel kake ji?"

Yaron ya ɗago kai daga kwano. "Ni dai ina s-s…"

"Kana so ka nuna mata. To ka ji, maigida sarkin tsoro."

Leszek ya yi tsaki ya ci gaba da cin abincinsa, ita kuma ta ƙeƙasa ƙasa, maganar birni ta mutu a nan.

Ranar jarrabawa aka kai su tsohon ajin nasa, allon nan dai, warin alli da jiƙaƙƙen tsumma. An yarda uwa ta zauna a kujerar baya ta kalla, bisa sharaɗin kada ta ce uffan. Wiesława ta zauna cikin rigarta ta zuwa coci, ta ɗora jaka a cinya, tana ta cika tana batsewa.

Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne ladabin Kurpiel. Matar da ta tozarta mata ɗa, yau ita ce mai tattausar murya.

"Tymek, wane kogi ne ya ratsa birnin Kraków? Kada ka yi sauri, muna da lokaci."

Ya sani sarai, ya zana kogin nan a takarda ya fi a ƙirga. Ya buɗe baki. "W-w-w…" Wuyansa ya yi ja, ya damƙe gefen tebur, sai ya waiwaya baya yana neman uwarsa.

"Wisła!" Kafin Wiesława ta ankara sunan kogin ya fita daga bakinta.

"Maman Tymek, amsar ɗalibi muke jira," in ji Kurpiel. "An soke wannan tambayar."

Aka yi tambaya ta biyu. Ya sake maƙalewa, ya sake waiwayowa, ita kuma bakinta ya sake riga hankalinta. Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Haka suke yi kullum a teburin kicin: ya fara, ta ƙarasa, ta ce madalla. In'inar ba ta je ko'ina ba, ita ce ba ta taɓa barinta ta fito ba. Kunya ta lulluɓe ta, kuma da yake ba ta iya zama da kunya ba, nan take ta mai da ita masifa.

"Da gangan kuke ruɗa shi! Kin ga ya fara, me kike zuba masa ido haka?"

Shugaban makarantar, ɗaya daga cikin malaman ukun, ya miƙe ya buɗe mata ƙofa. A baranda ta tsaya, kunnenta a jikin katako. Tana jin tambaya, sai shiru ya biyo baya, dogon shiru mai cin rai, sannan wata tambayar. Ta san duk amsoshin, shi ma ya san su.

Bai ci ba. Shugaban ya faɗa mata cikin taushin murya cewa izinin ya ƙare, a kawo yaron aji a watan Satumba.

Tun daga matakala take zazzaga bala'i. "Ƙara zan kai su! Har ma'aikatar ilimi sai na je. Munafukai, sun haɗa baki ne tun farko!"

A filin makarantar tsofaffin 'yan ajinsu suna buga ƙwallo. Wani ya hango shi ya ɗaga murya, "T-t-tymek ya dawo!" Sauran suka kwashe da dariya.

Wiesława ta yunƙura za ta nufe su, yaron ya sha gabanta. Idanunsa sun kaɗa, ba ta taɓa ganin irin wannan fushin a fuskarsa ba. Maganar ta daɗe kafin ta fito, yana fizgo ta da kyar, amma sai da ya kai ƙarshenta.

"K-ke kika yi faɗan, Mama. A S-satumba n-ni zan shiga can. Ni kaɗai."

Ta miƙa hannu za ta kama nasa. Ya cusa hannayensa a aljihu, ya bi ta gefen filin ya nufi gida, yaran na ta kiran sunansa.