Injin Rikodar Mairam

Daminar da jan-baki suka sauka a fadamar Guri, har kurma ya san sun zo. Tsuntsayen nan ba su da kunya ko ta sisin kwabo: ka kaɗa gwangwani su tashi, ka juya baya su koma kan shinkafa.

Malam Luka, mutumin Filato da ke koyar da kimiyya a sakandare, shi ya ce zai kore su da ɗan jirgin sama. Ya fafe karan dawa, ya manne takardar siminti, ya sassaƙa farfela. Dabararsa ita ce a kafa sanda a tsakiyar gona, jirgin ya riƙa kewaya ta a ɗaure da siririyar waya, wayar kuma ta kai masa wuta daga batir a ƙasa. Aka yi ta masa dariya, har da ni, ban ɓoye ba.

Injin da zai juya farfela kawai ya rasa. Sai maƙwabciyarsa Mairam, mai gonar, ta miƙo masa rikodarta. Wannan rikoda ba ta waƙa ba ce. Kaset ɗaya take ci, wanda mijinta Gana ya aiko daga tafkin Chadi shekarar da ya tafi kamun kifi bai dawo ba. Mairam ba ta taɓa sa shi a rikodar kowa ba, don a ganinta muryar miji ba abin saurare a zauren maƙwabta ba ce.

Malam Luka ya ciro injin rikodar, ya haɗa wayoyin da dalma. Ya yanke guda, ya sa mita a tsakani, yadda duk wutar da injin zai sha sai ta bi ta cikinta. Da ƙaramar farfela allurar mita ta tsaya lafiya, jirgi kuwa ya ƙi ɗagawa. Da babba jirgi ya yi zillo, amma allura ta haure zanen iyakar da ya yi mata da jan biro. Ya je ya gaya wa Mairam gaskiya: in ya tashi, injin zai yi zafi, yana iya ƙonewa.

Sai ta ce, "Malam, da Gana na nan ai ba zai zauna cikin akwati yana surutu tsuntsu na cin shinkafarsa ba. Tashe shi."

Ranar gwaji jirgi ya tashi, ya shiga kewaya sanda yana ƙugi kamar ƙudan zuma. Jan-baki suka watse, mu masu dariya muka kama bakinmu. Malam Luka kaɗai bai ɗaga kai ba. Idonsa na kan allura, wadda ke ta ƙara hawa, har iska ta kawo masa ƙaurin da ya sani.

"Iya, ba zan iya ba," ya ce wa Mairam, ya fizge wayar daga batir.

Jirgi ya faɗa cikin shinkafa. Kafin la'asar tsuntsaye sun dawo, aka koma kaɗa gwangwani, kuma abin da Mairam ta girba a shekarar bai taka kara ya karya ba.

Ya mayar da injin cikin rikoda, ya danna a gabanta. Kaset ya juya, amma zafin ya riga ya taɓa injin, ba ya gudu kamar da. Muryar Gana ta fito a hankali, da kauri, tana ja kamar ta tsoho. Malam Luka ya ji kunya ƙwarai, ya ce zai nemo sabon inji a Haɗeja ranar kasuwa.

Mairam ta dafa rikodar, ta ƙara kasa kunne.

"Bar shi haka, Malam," ta ce. "Dama ni kaɗai nake tsufa."