Akwatin Ungwan Tagwai

Tun da aka ƙone Ungwan Tagwai, Baba Yafet yake zaune a Kafanchan, a ɗakin da 'yarsa Tamar ta kama a bayan kasuwa. Sauran mutanen ƙauyen sun watse, wasu Kaduna, wasu Jos. Abin da ya rage yana ɗauke da sunan garin shi ne akwatin zaɓe, wanda aka saba ajiyewa a gindin mangwaro, gaban coci.

Da zaɓe ya ƙarato, Baba ya ce zai koma can ya jefa ƙuri'arsa.

"Baba, wa za ka zaɓa da zai gyara maka gwiwa?" in ji Tamar.

"Ba mutum nake bi ba. In akwatin ya koma ba ƙuri'a ko ɗaya, za a rubuta cewa ba mutane a wurin. Gobe wani ya shiga gonan citta na, ya ce ai kango ya samu."

Ranar zaɓe ba a barin mota ko babur su fita, saboda haka sai suka tafi tun ranar Juma'a. Musbahu, dillalin citta da ya daɗe yana saye a hannun Baba, shi ya kai su a akori-kurarsa.

"Baba, in naku ya ci, ka sa a ba ni kwamishinan citta," in ji Musbahu yana sauke musu jarkar ruwa.

"Kai da buhunka ba ya cika? Sai ka auna jihar duka ka ce saura kaɗan."

Musbahu ya yi dariya, ya ce zai dawo ɗaukarsu ranar Lahadi. Suka kwana a ɗakin bayan coci, inda kwanon rufi bai faɗi ba.

Da safe Baba ya sa rigarsa ta zuwa sujada. Ya share gindin mangwaro da reshe, Tamar ta jawo benci ɗaya da wuta ba ta ci ba, don ma'aikatan zaɓe su sami wurin zama. Suka zauna. Ciyawa ta rufe hanyar da mota ke shigowa, Baba bai ɗauke ido daga kanta ba.

Da rana ta take, Tamar ta hau dutsen bayan coci, inda waya ke kama sabis. Kiran Musbahu ya shigo nan take.

"Tamar, tun safe nake nemanku. An mayar da akwatinku nan cikin gari, wai saboda tsaro. Yana firamaren bayan kasuwa."

"Wace firamare?"

"Wadda ke jikin gidanku. Jiya da yamma aka manna sanarwa. Na fito da babur in ɗauko ku, aka mayar da ni daga shinge."

"Mutanenmu sun zo?"

"Ba kowa. Ma'aikatan suna zaune suna cin gyaɗa."

Ta sauko ta faɗa wa Baba. Ya saurara har ta gama, bai katse ta ba. Makarantar ce wadda ƙararrawarta ke tashinsa kowace safiya.

"In na riƙe ka, ba za mu iya ba?" in ji Tamar.

Ya dubi gwiwarsa. Ko zuwa rafi da safe sai da ya huta a hanya.

"Ke ki tafi. Ƙafanki na da kyau. In kin fita titi, ƙila wani soja ya ji tausayi. Ƙuri'a ɗaya ya isa."

"In bar ka a nan kai kaɗai?"

"Me ya rage da za su ɗauka?"

Ta ɗaure ɗankwalinta, ta sa katinta a cikin zani, ta kama hanya. Ta wuce gidan fasto, ta wuce inda aka binne yayanta Nicholas, ta kai bakin rafi. A cikin laka ta ga sawun babura, sabo, kuma ba ta hanyar gari suka fito ba, daga daji ne. Ta daɗe a tsaye. Daga nan tana hango farar rigar Baba a gindin mangwaro.

Da ya ga ta dawo bai yi faɗa ba. Ya matsa mata a kan benci.

Inuwa ta juya gabas, lokacin rufe layi ya wuce. Baba ya fito da katinsa, ya goge shi a gwiwa, ya mayar aljihu.

"Tamar, in akwati ya koma haka, me suke rubutawa a takarda?"

"Sifili, Baba."

"Da sunan garin a sama?"

"Ina jin haka."

Ya gyaɗa kai. Bayan ɗan lokaci ya ce ta mayar da bencin cikin coci, kada ruwa ya dake shi.